Hoto Daga Sama Ya Ɗaure Yayana

Zuwa ga mai girma wakilinmu a majalisar dokoki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne daga 'Yankuzo a ƙasar Tsafe, kuma ina rubuta wannan takarda ne raina a ɓace.

Ranka ya daɗe, tun da 'yan bindiga suka addabe mu muka daina zuwa gona ɗai-ɗai. Tare muke fita, mutum guda ya hau kuka yana duban daji. In ya hango babura sai ya kaɗa ƙyalle, kowa ya yar da fartanya ya gudu. Karɓa-karɓa muke yi. A daminar bana, ranar da hawa ya faɗo kan yayana Malam Isa, ya kaɗa ƙyalle, muka tsira. Ashe jirgi marar matuƙi na wani kamfanin tsaro ya ɗauke shi hoto. Yanzu yana tsare a Gusau, wai shi ne ke yi wa ɓarayi ishara.

Na farko, hoton da aka nuna a kotu kan kuka kawai ya ɗauko. Mu da muke ƙasa muna gudu, har da mai goyo, ba mu fito ba. Ina sauran bidiyon?

Na biyu, wanda ya tuƙa jirgin bai taɓa zuwa ya yi rantsuwa ba. Ba mu san shi ba, ba mu san wanda ya ba shi izinin shawagi a kan gonakinmu ba. Mu kuwa da muke da baki, har yau ba a kira ko ɗayanmu ba. Hoto ba ya amsa tambaya, amma shi ake saurare.

Ba na ƙin jirgin nan. Wallahi da a ce ɓarayin yake bi, ni zan fara yi masa addu'a.

Roƙona shi ne ku yi doka: kada kotu ta karɓi irin wannan hoto sai cikakke, sai wanda ya ɗauka ya tsaya an yi masa tambayoyi, sai kuma an ji mutanen wurin.

Ku hanzarta, don Allah. Tun ranar da aka kama Malam Isa babu wanda ya yarda ya sake hawa. Gero ya nuna, dole mu fita girbi jibi, kuma babu mai duba mana daji.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka.

Wassalam.
Ƙanen Malam Isa, 'Yankuzo