Kwalbar da Na Aiko Maka daga Kwanar Kanal

Zuwa ga ɗan ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. Gwaggonka na fama da gwiwa, 'yar autata ta sauka lafiya, an samu mace. Telan bakin layi ne ke rubuta mini wannan, na kuma hana shi tausasa ko kalma ɗaya.

An karanta mini takardar da ka sa wa hannu, wai ruwan kanal ɗinmu na noman rani lafiya lau yake. Saboda ita hukuma ta fasa toshe bututun masana'antar jima da ke zubo mana dauɗa. Ashe kai ka turo ɗaliban nan da suka zo awon ruwa, kana can kan kujera! To, bari ka ji aikin da suka yi. Ranar Talata suka zo, ranar da ake buɗe ƙofar ruwa, sabon ruwa ya wanke komai. Suka tsaya kan gada, sama da bututun, suka zura kwalabe da 'yar rariyarsu da igiya, don kada laka ta taɓa musu takalmi. Na ce su dawo Asabar in ruwa ya kwanta, su gangara kwanar kanal ɗin, ƙasa da bututun. Doguwar cikinsu ta ce gadar ce aka zana musu a taswira.

Sun nuna mini ƙananan halittun ruwa a madubinsu mai ƙara girma, wai in ga abin mamaki. Ni za a nuna wa? Shekara arba'in ina murɗa ƙofar nan. Tun kana cikin tsumma nake tace ruwan kwanar nan da farin ƙyalle, halittun su yi ta tsalle a kai kamar ƙuma, su ne abincin 'ya'yan kifi. Da ni da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da yawansu muke gane shekarar kifi. Yau ƙyallen baƙin yauƙi yake kamawa, ko motsi babu. Ruwa ba ya tsami banza. Da na faɗa musu, wani mai gilashi a cikinsu ya yi dariya, wai wannan ba ya cikin littafi.

A kwanar nan mata ke ɗiban ruwa, da shi ake wa jaririyar nan wanka. Ban yi boko ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zo da ƙafarka ranar Asabar, ka sake awo, ka janye hannunka.

Ka gaida mai ɗakinka, da Tagwaye, da surukinka direba. Gwaggonka ta ce kada in yi maka faɗa, ban ji ba.

Ga kwalba nan tare da wasiƙar, na ɗebo ruwan cikinta daga kwanar. In ruwan lafiya lau yake, sha.

Ni ne baffanka,
Mai Ƙofar Ruwa