Hotona a Kalanda, Gonar Mahaifina a Jingina

Daga: Ramlat Hashimu,
Ma'aikaciyar jinya,
Gidan Malam Hashimu, Makoda.

10 ga Maris, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Gidauniyar Hasken 'Ya'yan Manoma,
Ɗanbatta.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN CIKA ALKAWARIN BIYAN KUƊIN KARATUNA NA DIGIRI NA UKU A FANNIN LAFIYAR AL'UMMA

Bayan sallama da fatan alheri, ina mai neman izinin gabatar da kukana. Wannan ita ce takardata ta huɗu. Ukun farko na miƙa su ga Sakataren Gidauniya, Malam Ja'afaru, kuma ban san inda suka kwana ba.

1. A ranar 14 ga Satumba, 2024, a taron shekara na Gidauniya, an kira sunana a lasifika, an shaida wa jama'a cewa an ɗauki nauyin karatuna daga farko har ƙarshe. Bincikena a kan zawon da ke kashe mana yara ne duk damina, wanda na shekara goma sha ɗaya ina gani da idona a ɗakin shan magani. An ɗauke ni hoto tare da mahaifina. Ranar ya sa rigarsa ta salla.

2. Da wa'adin rajista ya matso, Sakatare ya ce in nemo kuɗin in biya, za a mayar mini cikin mako uku. Ban nemi ya rubuta ba, domin ɗan garinmu ne, bayan mahaifina yake salla.

3. Albashina bai kai ba. A ranar 2 ga Oktoba mahaifina ya jinginar da gonarsa ta bayan gari ga Alhaji Tasi'u, mai fataucin dabbobi, a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Gonar nan ita ce geronmu, ita ce gyaɗarmu, ba mu da wata. Mai Girma ya san al'adarmu: idan wanda aka ba jingina ya zuba takinsa, ba a karɓar gona a hannunsa sai ya ci amfaninta damina uku. Alhaji ya yi mana kara, ya ce zai jira zuwa ƙarshen Maris. Jiya na ga jakunansa sun fara tara taki a bakin iyaka.

4. Na je ofis sau tara. Wani zuwan Sakatare yana taro, wani zuwan mai mukulli ne ya tafi ta'aziyya. A zuwa na ƙarshe an ce fayil ɗina yana kan tebur. Ban ga teburin ba, balle fayil.

5. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wannan. A watan Janairu na nemi wani tallafi da aka ware wa ɗaliban da ba su da mai ɗaukar nauyi. Na tsallake duk matakai, sai aka cire sunana. Hujjarsu ita ce kalandar da Gidauniya ta buga ta bana, wadda hotona ke tsakiyarta, an rubuta a ƙasa cewa an biya mini komai. Ke nan ba a ba ni ba, an kuma tare mini inda zan samu. Da a ce tun farko an ce babu, wallahi da na gode na nemi wata hanya. An ci amanata, ranka ya daɗe, ban san wata kalma mai ladabi da zan sa a madadin wannan ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya ba da umarnin a biya kuɗin kafin 31 ga Maris, a kuma ba ni takarda mai hatimi da ke bayyana gaskiyar lamarin.

Idan hakan ba zai yiwu ba, ina roƙon a turo wanda ya kira sunana a lasifika ya zo Makoda ya faɗa wa mahaifina da bakinsa. Kalandar tana rataye a zaurensa, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa. Har yau cewa nake masa kuɗin suna hanya, kuma na gaji da yi wa tsoho ƙarya a madadin Gidauniya.

Ina mai ƙanƙan da kai, tare da addu'ar Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Ramlat Hashimu