Inna, Na Samo Sunan Mahaifiyarki

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina da albishir, kuma ke kika fi cancanta ki fara ji.

Na girma ina jin addu'arki bayan kowace salla: "Allah Ka jiƙan wadda ta haife ni." Sai da na yi wayo na gane ba ki san sunanta ba ne. Ta rasu ranar da ta haife ki, shi kuwa Kaka, da kunyarsa ta mutanen da, har ya koma ga Allah bai taɓa ambatar sunan matarsa ba. "Uwar yarinyar nan" kawai yake cewa. Abin yana damunki, ko da yake kina mai da shi wasa.

Da cikina ya tsufa, na ce sai na nemo sunan nan. Wani tsohon tela a Dutse Uku, wanda suka yi haƙar kuza tare da Kaka, shi ya tuna ƙauyen su mahaifiyarki, can gaba da Bukuru. Mijina ya ce na cika naci. Ai kin san inda na gado shi.

Inna, ashe ƙaninta yana raye. Baba Pam ake ce masa. Da ya gan ni ya ce goshina na gidansu ne. Ya kai ni coci, aka buɗe tsohon littafin baftisma. Ga ta nan: Hannatu, 'yar Dung da Ladi, haihuwar damina. Ranar rasuwarta babu a rubuce, amma ya ce ana yankan acca labari ya iso musu. Na yi kuka, na yi dariya, aka cika min buhu da dankali.

Na sauka lafiya, mace ce, an raɗa mata Hannatu. To ga abin dariya: 'yar fari ce, kuma mai sunan kaka, don haka ni ma bakina ba ya iya faɗa, Ummi muke ce mata. Amma kada ki damu, a kan sallaya ba na jin kunyar kowa. Kullum da asuba ina kiran sunan sarai, a madadinki.

Allah Ya jiƙan Hannatu 'yar Dung, Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da ita.

Taki har kullum,
Autarki