Faci a Ƙarƙashin Kwala

Coldmere, Lincolnshire
9 ga Satumba, 1998

Ɗan'uwana Neville,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Moira da yara. Yaya sanyin Aberdeen, yaya kuma gwiwar nan taka? Mu nan lafiya, ban da ruwan sama da ya hana manoma haƙar dankali. Mama tana nan a gidan tsofaffi, tana cin abinci tana kushe mai dafa shi, ka san ke nan da sauƙi.

Kada ka ɗauka kewarka ce ta sa na ɗauki biro. Tun jana'izar Baba ba ka kira ba, kuma ban mutu ba. Zancen jaket ɗinsa ne.

Tsohon filin jiragen yaƙi na bayan gari, an gyara hasumiyarsa an mai da ita ɗan gidan tarihi. Mista Cammack, wanda ya koya mana lissafi, shi ne shugaba. Ya je ya sami Mama, ya ce suna so su rataye jaket ɗin a cikin gilashi ranar tunawa da mazan jiya, a Nuwamba, da sunan Baba a ƙasa: Arnold Odling, mai harbi a wutsiyar jirgi, ya fita kai hari sau ashirin da tara. Mama har da hawayen murna. Ta ce da ni, "Glenda, shekara talatin kina gyaran sirdin mutane da jakunkunan matansu. Yau dai ki yi wa ubanki abu ɗaya."

Abu ɗaya, in ji ta. Ni da na shekara biyu ina wanke shi ina juya shi a gado yana zagina.

Na ɗauko ta a ɗakin lambu, rataye a ƙusa. Asu ya ci gashin kwala, fumfuna ta hau kafaɗu, fatar ta bushe kamar burodin jiya, zif ya yi kore ya kafe. Amma warin taba da giya yana nan daram. Da na shimfiɗa ta a teburin shago, sai da na fita waje na sha iska. Ka tuna ƙarar fatar nan in ya taho daga mashaya? Mu kan ji ta kafin mu ji muryarsa. Ranar da ya karya maka hannu, ita ce a jikinsa. Ranar da ya ture Mama a matakala kunnenta na hagu ya mutu, ita ce a jikinsa. Kullum kuma magana ɗaya Mama take yi tana goge mana fuska: "Ku yi haƙuri, yaƙi ne. Ba ku san abin da ya gani a sama ba."

Na yi haƙurin, Nev. Da maganar nan na girma, da ita na zauna na yi jinyarsa, da ita na yafe masa abin da na iya yafewa.

Aikin zai ɗauki lokaci. Irin wannan fatar tunkiyar ba a labta mata mai, yadda masu gaggawa suke yi, sai ta jiƙe ta ruɓe. Buroshi mai laushi, tsumma mai ɗan damshi, kaɗan-kaɗan, sannan in bi tsagar ɗaya bayan ɗaya in tallafe ta da siririyar fata. Zan yi shi yadda ya kamata, don ban iya yin aiki ta wata hanya ba.

Ka gaida Moira. Ka rubuta wa Mama ko layi biyu ne, biro ba ya cizo.

Ƙanwarka,
Glenda


Coldmere
6 ga Oktoba, 1998

Neville,

Ina gaishe ka, ina fatan tarin da Moira ta ce kana yi ya lafa. Katinka ya iso. Kalma biyu, "Ƙone ta." Na gode da wannan doguwar shawara. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Fata ba ta iya ƙarya ba, kuma wannan tun makon farko take ba ni labarin da bai yi daidai da na Baba ba. Ya ce a 1941 aka ba shi ita. Na farkon yaƙi da manyan fatu ake yin su, bayan riga ƙyalle ɗaya ko biyu. Sai da fata ta yi wuya aka koma harhaɗa ƙanana, kuma wannan na ƙirga guda takwas a bayanta kaɗai. Ba a yi ta kafin 1943 ba. Na ce to, tsufa ne, shekaru sun rikice masa.

Sannan gefuna. An farke ɗinkin haƙarƙari an ƙara fatar saniya, faɗin yatsa uku kowane gefe, irin ta tsohuwar jakar makaranta. Wanda aka ɗinka wa rigar nan siriri ne. Baba kuwa, ko a hoton aurensu, ƙirjinsa kamar ganga.

Sai ramin nan na ƙarƙashin hammatar hagu, wanda yake sa yatsa a ciki yana nuna wa mutane a mashaya, "Ta nan harsashi ya shiga, kaɗan ya rage." Da na buɗe shi, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, kuma gashin ciki ya daskare da wani baƙin abu da sabulu bai taɓa fitarwa ba. Nev, babu inda ban wanke ba a jikin mutumin nan. Ko tabon allurar rigakafi babu a wajen.

A ƙarƙashin kwala akwai wani ɗan faci da ba ya rufe wata tsaga. Na daɗe ina kallonsa kafin na sa wuƙa na yanke zaren. An rubuta da tawada, da ƙananan baƙaƙe masu tsabta: E. Prosser, da lamba.

Washegari na je hasumiyar, wai zan auna gilashin. A bango akwai allon sunayen waɗanda suka mutu daga filin nan, na bi shi da yatsa. Saje Emrys Prosser, shekara goma sha tara, Maris 1944. Na tambayi Mista Cammack kamar ba komai.

"Prosser? Ɗan Wales ne, mai harbin wutsiya," in ji shi. "Jirginsu ya dawo, shi ne bai dawo da rai ba. Ai a lokacin, Mis Odling, kafin a gama karin kumallo 'yan sito sun kwashe kayan mamaci kaf, an canja zanen gado, don kada sabon da zai kwanta a wurin ya gani. Babanki ya san duk wannan, Allah ya jiƙan maza."

Bai taɓa neman takardar Baba ba. Wa zai nema? Shekara hamsin duk garin nan ana cire wa Baba hula don girmamawa.

Na dawo gida na buɗe gwangwanin biskit ɗin Mama, wanda yake wurina tun da aka kwashe gidan. Littafin sallamarsa daga soja yana can ƙasa. A layin sana'a an rubuta mai kula da sito. Ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ta hau jirgi ba.

Ba baƙin ciki nake ji ba, haushi ne. Babu abin da ya gani a sama. Barguna ya ƙirga, ya cire rigar yaron da jininsa bai bushe ba, ya sa ta ya zo ya dake mu a cikinta.

Saura ɗaya, kuma shi ya fi ci mini rai. Ɗinkin facin nan ya karkata ta hagu. Ɗinkin bahago ne, ƙanana, a jere, da ƙulli biyu a ƙarshe. A hannun mai wannan ɗinkin na koyi riƙe allura.

Ranar Lahadi zan je wurin Mama. Ban gaya wa Cammack komai ba tukuna.

Ka sha magani, ka bar taurin kai.

Glenda


Coldmere
10 ga Nuwamba, 1998

Ɗan'uwana,

Da fatan kun tashi lafiya, kuma yara suna ƙoƙari a makaranta. Na ga wasiƙarka, shafi huɗu wannan karon. Ka yi haƙuri da na yi wata guda ban amsa ba. Ban san yadda zan faɗa ba, yanzu ma ban sani ba, amma ga shi.

Na je mata da rigar a jaka, bayan an ba su shayin la'asar. Na shimfiɗa ta a cinyarta na ɗaga kwalar. Ko gilashinta ba ta sa ba.

"Kin cire," in ji ta. "Wa ya sa ki?"

Na ce, "Mama, kin sani ke nan."

"Ni na ɗinka, yaya ba zan sani ba? Kafin aurenmu ne. Ya sa ta ya je rawa sau ɗaya, mutane suka ɗauka ɗan jirgin yaƙi ne, shi kuma bai gyara musu ba. Daga nan magana ta yi ƙafa."

Na ce shekara nawa tana ce mana yaƙi ne. Na ɗaga murya, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Mama ta jira ta tafi, sannan ta juyo mini da kunnenta mai ji.

"To me kike so in ce muku? In ce ubanku yana dukanku don haka ya ga dama? Ki gwada faɗa wa yaro ɗan shekara shida wannan, ki ga ko zai yi barci." Ta shafa gashin kwalar. "In na shiga shagon nama da kumburarren ido, mata su kan matsa mini, su ce matar Arnold ce, baiwar Allah, tana fama da abin da yaƙi ya bari. Ki cire facin nan, Glenda, me na zama? Sakarar da aka daka shekara hamsin a banza. Ki bari in mutu tukuna, sai ki yi gaskiyarki."

Na ce yaron nan fa, shi ma yana da uwa.

"Tasa ta daɗe a ƙasa. Taki ce a gabanki. Miƙo mini allura."

Ka san ba na fita babu kayan aiki a aljihu. Ta karɓa, ta yi ta cakar iska da zaren, sau biyar, sau shida. Sai ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na zura mata, Nev. Na shafa wa zaren kaki na ba ta, na riƙe mata kwalar tana ɗinki.

Ɗinkin ya fito a karkace, manya-manya, duk wanda ya ɗaga kwalar zai gane jiya aka yi shi. Da na koma shago na farke shi na sake. Na nemo tsohon zare, na bi ramukan farko ɗaya-ɗaya, na karkata hannuna ta hagu, na yi ƙulli biyu. Babu wanda ya tilasta mini wannan. Mummunan ɗinki ne ba na iya bari ya fita daga shagona, ka ga inda sana'a ta kai ni.

Ka ce da kai ne da ka tsaya gaban jama'a ka fasa ƙwai. Na yarda. Amma kai ka hau jirgin ƙasa ka bar gida kana ɗan sha shida, ni ce zan kai wa Mama ruwan lemo ranar Lahadi mai zuwa, da wadda ke biye.

Shekaranjiya aka yi taron. Na tura Mama a keken guragu, da jan furen tunawa a ƙirjinta, an gyara mata gashi. Rigar ta yi kyau a gilashin, fatar tana sheƙi daidai, zif yana tafiya. Mista Cammack ya kama hannuna ya ce, "Ko inda kika taɓa ba a gani, Mis Odling. Da babanki zai gani da ya yi alfahari." Mama ta ce, "Ai ta gaji hannuna."

Daga nan limamin coci ya karanta sunayen da ke allon. Ya zo kan Emrys Prosser, bai ma iya faɗin sunan daidai ba, ya wuce. Taku biyar ne tsakaninsa da rigar. Aka busa ƙaho, kowa ya sunkuyar da kai don shirun minti biyu, ni ma na sunkuyar. Da lokaci ya cika mutane suka yi gyaran murya suka nufi teburin shayi. Su nasu shirun ya ƙare a nan.

Ka gaida Moira da yara. In za ka zo Kirsimeti ka zo, amma kada ka ce in raka ka hasumiyar.

Ƙanwarka,
Glenda