Tauren Nomau da Wuƙar Kaumi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Kaumi dillalin dabbobi, wanda kasuwar Babura ta sani da Kaumi Baki, mazaunin Unguwar Barebari a ƙasar Roni. Na rubuta wannan da hannuna, ina cikin hankalina. Na san wasu za su ce ba su taɓa ganina a cikinsa ba. To yau su shaida, na shiga. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarta, amma kan yana nan yadda Allah ya ba ni shi, babu ƙari babu ragi. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji biyu na yi a elemantare ta Kazaure, na biyun ma sai da na maimaita shi don malamin ya shaƙu da ni.

Zuwa gare ku 'ya'yana, Abatcha da Mele da Bintu. Shaiduna su ne Liman Ma'u da Sama'ilu ɗan Ardo. Liman na kawo don a gaskata takardar. Sama'ilu kuwa Bafillace ne, na kawo shi ne don ya ga yadda ubangidansa Babarbare ke barin duniya cikin tsari, ko ya koya.

Na ɗaya. Rabon gado ba nawa ba ne. Na je wa Liman da jerin wanda zai ɗauki rediyo da wanda zai ɗauki keke, ya ce Kaumi, ba wasiyya ga magaji, Allah ya riga ka rabawa. Na ce to me ya rage mini? Ya ce sulusi, kashi ɗaya cikin uku, shi ma sai ga wanda ba ya cin gadonka. Na tambaye shi, ko da mutumin ba Musulmi ba ne? Ya ce ko da ba Musulmi ba ne. Na fito daga zauren Liman ina jinjina wannan magana. Ku duba fa. Sarkin da ya ƙididdige rabon ɗa da na 'ya da na mata, bai bar wa uba ko ƙwayar gero ya yi son kai da ita ba, shi ne kuma ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, ya ce wannan ta wanda ba jininka ba ce. Ashe tun kafin a halicce ni an san za a ba ni maƙwabci. Allahu Akbar.

Na biyu. Sulusina na bayar da shi ga maƙwabcina Nomau kafinta. Filin da gidansa yake kai, daga bishiyar darbejiya zuwa bakin kwalta, nasa ne halak malak, shi da matarsa Shatu da zuriyarsu. Liman da mai unguwa sun zaga sun duba, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na mallaka ba. Saboda haka ba roƙonku nake ba a nan. Sanar da ku nake yi.

Abatcha, na san da maganar Alhajin nan mai son kafa gidan mai. Kana tsammani kurma ne ni saboda ina kwance. Dillali ko a makara yana jin ƙanshin ciniki. Tun da aka zuba kwalta ta gaban gidanmu, filin da da ko jaki ba ya tsayawa ya yi birgima a kai ya zama zinariya. Na ji ka ce aro na ba Nomau, aro kuwa yana komawa ga magada. Gaskiyarka, haka al'ada take, kuma babu takarda. Shi ya sa na yi wannan.

Amma bari in gaya maka wani aron. Kakanku ya zo daga Barno da jaki ɗaya da kanwa, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Ardo, mahaifin Sama'ilu, ya nuna masa tsohuwar makwantar shanunsa ya ce zauna nan. Ɗakin da aka yanke maka cibiya a kan kashin shanun Fulani yake, aro ne, har yau ba wanda ya zo karɓa. Sama'ilu yakan tuna mini duk ranar kasuwa, ya ce bawana, yaushe za ka tashi in mayar da shanuna? Ni kuma in ce sai ranar da ya biya kuɗin gadin da muka yi masa. Dariya muke yi. Amma ka lura, shi da wasa yake faɗa. Kai da gaske kake.

Na uku. Wuƙata ta yanka, mai ƙotar ƙahon nan. Ita ma gado ce, don haka wannan roƙo ne. In kun amince a bar wa Mele. Kafin ya ce ba ya so, ya saurari yadda ta samo aikinta.

Nomau Bamaguje ne daga ƙauyukan bayan dutse. Ya shiga addinin mishan, danginsa suka juya masa baya don ya daina zuba jini a gindin tsafinsu. Ya shigo gari, gari ya ce ba ya ajiye arne. Ni na ba shi bayan gidana, kuma kada wani ya rubuta mini lada, so nake a sami wanda zai tare mini awakin mutane daga shiga rumbu.

Shekarar da aka sauke tutar Bature, da sanyin Kirsimeti, na fito da hantsi na tarar da shi tsaye a ƙofar zaurena riƙe da igiyar wani taure, ƙosasshe, gashi na sheƙi. To me dillali zai yi in ya ga mutum da dabba a ƙofarsa? Na hau aikina. Na buɗe bakin tauren na ce wannan ai ya ga zamanin Jamus. Na matsa ƙugunsa na ce iska ce ba kitse ba. Na ɗaga wutsiya na girgiza kai, na ce zawo yake yi ko kuwa haka aka haife shi? Na ce ko kura ta gan shi sai ta yi masa addu'a ta wuce. Ban bar masa ko kofato da mutunci ba. Da na gaji na faɗi kuɗin da zan saya, Nomau ya ce shi ba sayarwa ya zo ba. Ya ce sallarsu ce ta zo, yana so in yanka masa da hannuna, in ambaci sunan Allah yadda muke yi, don iyalina su iya cin naman.

Ni da ake kira Baki, na nemi bakin na rasa.

Daga baya na tambaye shi wa ya koya masa wannan. Ya ce ai ba a mishan ya koya ba, a gidan ubansa ya gani. Tsohon nan mai shan burkutu yana da tukunya guda da ƙwarya guda a rataye, giya ba ta taɓa taɓa su ba, na baƙi Musulmi ne. In zai yi biki sai ya aika a kira Musulmi ya yi yanka. Haka kakansa ma yake yi. Na zauna ina jujjuya wannan magana. Wato tun kaka da kakanni mutanen nan suna zaune a gefenmu suna nazarinmu. Sun san abin da muke ci da wanda ba ma ci, sun san lokacin sallarmu, sun san ranar da ba a yi mana kiɗa. Mu kuwa abin da muka sani game da su kalma ɗaya ce, ita ma zagi ce. Na yi yawo, na ci kasuwa da Buzaye da Adarawa, na ƙirga sefa na ƙirga fam, ina taƙama na san mutane. Ashe haƙoran dabbobinsu kawai na sani.

Akwai abin da ya fi wannan. Bayan wasu shekaru Liman ya gaya mini cewa yankan ma'abota littafi ai ya halatta gare mu. Na ruga na kai wa Nomau albishir, na ce ka huta, yanka abinka. Ya yi murmushi ya ce ya daɗe da jin haka. Ya ce amma ya lura mahaifiyarku Ya Kura ba za ta iya haɗiye shi da daɗin rai ba ko malamai sun yarda, shi kuwa ba nama yake son aikowa ba, so yake a ci. Wannan fiƙihun ban same shi a izu biyar ɗin da na haddace ba.

Na huɗu. Mele, kai ka yi karatu a Kano, ni ban yi ba. Ka ce zuwa yankan nan shiga bikinsu ne, ka hana ni bara, na ƙi hanuwa. Ba zan yi jayayya da littattafanka ba, don ko sunayensu ban iya faɗa daidai ba. Abin da idona ya gani kawai zan ba ka.

Shekarar fari, ranar da Allah ya karɓi mahaifiyarku, ranar kasuwar Babura ce. Ni da mazan unguwa duk muna can muna rabuwa da shanun da yunwa ta kayar. Kai da Abatcha kuna Kano. Babu kowa sai tsofaffi da mata, ƙasa kuwa ta bushe ta koma marmara, diga na tashi da wuta. Kafin saƙo ya same ni in iso, Nomau ya haƙa kabarin. Ya je ya tambayi Liman ina ne alƙibla, yaya ake fitar da 'yar kabari a cikin uwar, ya yi shi daidai kamar wanda ya gada. Na ga tafin hannunsa ya sale. Da aka kawo ta aka fara jera sahu, ba wanda ya ce masa komai, sai ya ajiye digar, ya ja da baya can gindin wata kuka, ya cire hularsa ya tsaya. Bai shiga sahunmu ba, bai kuma tafi gida ba. Yana nan har aka mayar da ƙasa.

Na daɗe ina kallon duwatsun Roni ina mamakin wanda ya ɗora wani kan wani ba su faɗo ba. Ran nan na ga abin da ya fi su. Mutum ya san inda zai shigo da ƙarfinsa duka, ya kuma san inda zai tsaya. Wa ya auna masa wannan tazarar? Ni ban taɓa taka cocinsa ba, bai taɓa cewa in taka ba. Ban bar addinina ba, bai bar nasa ba. Na yi masa tayin Musulunci ya fi a ƙirga, ya ce ya gode, ni kuma har gobe ina yi masa fata. Hisabi na Mai hisabi ne. Abin da aka ba ni ni shi ne katanga ɗaya da shi.

Tun kuna yara, kai da Abatcha ban taɓa ganin kun haɗa baki a kan komai ba, ko a kan tuwo. Yau ga shi kun haɗa, ɗaya don gidan mai, ɗaya don gidan Aljanna, kuma duk a kan dattijo ɗaya mai ciwon baya. Na yi addu'ar Allah ya haɗa kanku shekara da shekaru. Da na sani da na yi wa addu'ar bayani.

Na biyar. Bashi. Ba wanda yake bina sai mai shayin bakin tasha, ku sallame shi. Waɗanda nake bi kuwa na yafe, don na san su, ko ban yafe ba haka za ta kasance. In wani ya zo ya ce na taɓa sayar masa da saniya na ce tana da ciki alhali ƙoshi ne, kada ku musa. Ku ba shi haƙuri, ku roƙa mini gafara.

Na shida. Bintu, rabonki na gona ki karɓa a hannunki, a kafa miki iyaka da gamba kowa ya gani. Kada ki yarda in 'yan'uwanki sun ce za su riƙa noma miki. Na ga gonakin mata da yawa sun shiga wannan rami ba su fito ba. Duk wanda ya iya cinye haƙƙin maƙwabci, na 'yar'uwa ba zai yi masa wuyar haɗiya ba. Kuma ke ce idona a kan maganar filin nan. Shatu ce ta zauna da ke wankan jegonki na fari lokacin da babu uwa. Ba sai na ƙara ba.

Na bakwai, kuma shi ne na ƙarshe. Jiya da la'asar na ji kukan taure ta bayan katanga. Nomau ya riga ya saya. Kirsimeti saura 'yan makonni, ni kuwa na san jikina, dabbar da ta kwanta irin wannan kwanciya ban taɓa sayenta ba. Ya zo duba ni, ya ce in yi sauri in warke don na bana ya fi na kowace shekara, ba zan sami abin kushewa ba. Na ce masa haka yake faɗa kullum. Muka yi dariya, ya juya fuska wajen bango, ni ma na juya.

Ranar za ta zo. Da hantsi zai jawo igiya ya tsaya a ƙofar zauren nan, don bai san wata ƙofar ba. Mele, in zuciyarka ta ƙi, ban tilasta ka ba, kuma ban yi fushi ba. Miƙa wa Abatcha wuƙar. Amma ka fito da kanka ka gaishe shi, ka kira shi Baba yadda ka saba tun kana rarrafe a cikin askin katakonsa. Abin da ban yafe ba shi ne dattijon nan ya tsaya da igiya a hannu, gidan Kaumi a rufe.

Wanda duk ya fito da wuƙar, ga yadda ake yi. Ba a fara da yanka. Sai an buɗe bakin tauren an ce ya tsufa. A matsa ƙugu a ce iska ce. A ɗaga wutsiya a girgiza kai. Shi kuma zai rantse da cewa da dusa da harawa ya yi kiwonsa, ya ce Barebari ba su san dabba ba. Ku bar shi ya gama. Tun daga waccan shekarar ba mu taɓa tsallake wannan ba. In kuka yanka masa shiru cikin ladabi, a ranar ne zai san na mutu.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mini. Ya jiƙan Ya Kura, ya sa ta karɓe ni ba tare da dogon bincike ba. Ku riƙe zumunci, ku ci a akushi ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako, babba ya ji tausayin ƙarami, ƙarami ya ga girman babba. Na bar ku a hannun Wanda ya yi mu iri-iri da gangan, alhali da ya so da ya yi mu iri ɗaya.

Ku wasa wuƙar. Na bar ta da ɗan dakushi.

Mahaifinku,
Kaumi