Finjali Nawa a Lita Guda

Abijan, 9 ga Rajab

Zuwa ga ɗana Mutari, garajin Zango, Damagaram.

Gaisuwa mai yawa gare ka da Ramlatu da yara. Yaya ƙafar gwaggonka Delu? Ni lafiya lau nake, ana ciyar da ni, kada ku damu.

Mushe, maigidan da nake yi wa aikin lambu, ya karɓe laujena, ya ba ni tsohon injin yankan ciyawa. Wai ba ya shan esansi zalla, sai an gauraya da man inji. Wanda na gada da wani gwangwani yake awo, kuma ya tafi da abinsa. Direban gidan ya ce man inji kashi ɗaya, esansi kashi goma sha shida. Mai dafa abinci ya rantse ashirin da biyar ne. Na bi direba, hayaƙi ya turnuƙe har Madam ta rufe tagogi. Na bi ɗayan, injin ya ɗau zafi yana kuka. To, wa zan bi?

Akwai rubutu jikin tankin. Ni da nake karanta wa mutanen Birni takardunsu, yau idona ya ƙi. Mushe bai sani ba. Ya ce in injin ya mutu zai sallame ni, ga shi ɗakin da nake kwana nasa ne.

Kai ka san inji. Finjalin shayi nawa na man inji zan zuba a lita guda ta esansi? Finjali nake iya aunawa da yatsa. Allah ya yi maka albarka. Ka rubuto da manyan baƙaƙe, don ba ni da mai karanta mini.

Baffanka,
Nomau