Ashe da Katin Bashi Kike Aiko Mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan tsohuwata, wadda ban taɓa kira da wani suna ba sai Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina aiki, ina sanyin Ingila? Yaya maigidanki da karatunshi? Yaya amaryata ƙarama, wadda har yau ban ɗauka ba, sai dai a nuna mini haƙoranta a waya? Mu nan Mafara lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafata ta hagu tana nan da halinta.

Zancen da zan yi miki ya faro ne tun shekarar canjin kuɗi na baya-bayan nan, lokacin da takarda ta ɓace daga hannun mutane, mai shanu goma ya rasa na sayen gishiri. Canjin kuɗi na uku ke nan da na gani da idona. Na ga wanda anka bar fam da sule, na ga na zamanin soja da munka kwana biyu a layin banki, sannan wannan. A biyun farko hasarar kuɗi na yi. A na ukun nan kuwa abin da na yi hasara ya fi kuɗi, kuma ban gane ba sai makon jiya.

Kin san ban yi boko ba. Malam Isiya tsohon hedimasta ne ke rubutawa, ina faɗi yana zubawa. In kin ga wata kalma mai tsawo da ba ta yi kama da bakina ba, tashi ce. Na ce ya saka wasiƙar nan a zauren waya na dangi da 'yan gari, inda kowa zai karanta. Ya ce in sake tunani, na ce na gama. Na san za ki ce na tona miki asiri. A'a Inna, nawa na tona.

A shekarar canjin nan ne kika matsa sai da anka buɗe mini asusu. Na ƙi har wata uku. Na ce kuɗin da ban taɓa da hannuna ba, ban ji ƙamshinshi ba, ba kuɗi ba ne. Ranar da kika fara aikowa ina zaune ƙofar gida, muna cikin magana da ke, ban ko ajiye wayar ba sai ta yi ƙarar shigowar kuɗi. Na tafi wurin mai injin cire kuɗi na bakin tasha, ya ƙirgo mini. Na koma gida ina ta mamaki, daga Ingila zuwa Mafara, kafin mutum ya gama alwala.

To a nan na yi kuskure, kuma kuskuren tsohon ɗan kasuwa ne. Shekara arba'in da wani abu ina fawa, kamar ubana da kakana. Mu Rundawa da saurin hannu muke gane mai kuɗi. Wanda ya zo sayen nama ya tsaya lalube, yana ce maka bari ya je ya dawo, ka san aljihun ba nauyi. Wanda ya zaro nan take, ba ko ƙifta ido, wannan yana da su jibge. Da na ga duk sanda na yi magana kuɗi na shigowa kafin in rufe baki, sai na ce a raina, yarinyar nan Allah ya buɗa mata. Ban taɓa tambayarki daga ina suke fitowa ba. Ko sau ɗaya.

Da can, in mutum zai roƙi ɗanshi da ke Ikko, sai ya nemi mai rubutu, ya jira direban da zai tafi, ya ƙara jiran wata guda. Kafin nan kunya ta kama shi, ko buƙatar ta wuce da kanta. Yanzu kunya ba ta samun lokacin zuwa.

Sai na zama mai ƙofa. Ɗan ƙanena na Janbako sanshi na huɗa ya mutu ana gab da shuka, ya zo yana share hawaye, na kira ki. Rijiyar unguwar kawunnanki a Ruwan Gizo ta rufta, na kira ki. Bikin jikar abokina, sunan ɗan wane, maganin matar wane. Tun ina karɓa in kai da kaina, har na koma karanto miki lambar asusun mutum kawai, ki tura mishi kai tsaye, shi kuma ya zo ya durƙusa yana yi mini godiya. Ni kuwa in gyara zaman hula in ce ba komai. A majalisa in an kawo wata buƙata sai ido ya juyo kaina, ni kuma ba na ba su kunya. Har suna anka sa mini, wai Bankin Mafara. Ina nuna ban so, amma ina so.

Ke kuwa kalmarki ɗaya ce kullum: “To Baba, yanzu in sha Allah.”

Makon jiya na tafi Bakura ta'aziyyar mahaifin Saratu, ƙawarki da kuke aikin jinyar tsofaffi tare a can. Bayan an yi addu'a ta fito ta gaishe ni a zaure. Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na shiga yabonki, ina lissafa mata abin da kika yi wa mutane bana. Na ga ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafi. Da mutane sunka rage sai ta ce, “Baba, Allah ya gafarta maka, in ka ce ni na faɗa ƙawancenmu ya mutu, amma wallahi ba kuɗinta ba ne. Kati ne.”

Ki yafe mata. Ni na tsare ta da rantsuwa sai da ta warware mini duka. Kuma ga shi na faɗa, don ban iya ɓoye inda na ji magana ba.

Ta ce kati iri biyu ne a can. Akwai wanda ke ɗebo abin da mutum ya ajiye da guminshi, in ya ƙare ya ƙare. Akwai kuma na bashi, wanda ke ɗebowa daga aljihun banki. Ta ce albashinki na ƙarewa a haya da abinci da kuɗin makarantar maigidanki, don haka in na kira, na bashin kike haɗawa da wayar ki turo. Ta ce kuma tura wa mutum kuɗi da wannan katin ba kamar sayen kaya a kanti ba ne. Masu turawar su yanki la'adarsu, bankin ya lissafa shi kamar tsabar kuɗi kika ranta, ya yanki tashi, sannan kuɗin ruwa ya fara hawa tun daga ranar, ba jira. Wata ya ƙare ki biya ɗan abin da kika iya, sauran ya kwana yana ƙaruwa. Kafin ki numfasa, ga Baba ya sake kira.

Na tambaye ta ko shi ya sa ba ki zo da sallar bara ba, da ta bana. Ta ce dai kin koma karɓar aikin ranakun hutu.

Inna, ban san yadda na hau mota na dawo ba. Abin da na sani, mun wuce mararraba ban ce a sauke ni ba, sai da kwandasta ya taɓa ni.

Kada ki ɗauka ban san bashi ba. Da bashi na ciyar da ku. Dillali ya ba ni sa da safe a kan amana, in yanka, in sayar, kafin rana ta faɗi in kai mishi kuɗinshi. Amma wannan bashin yana da fuska. Na san gidan mai shi, ya san nawa. Ran da kasuwa ta ƙi, nakan je in ce mishi, wane, yau an faɗi, ya yi faɗanshi ya gama, ya ce Allah ya kai mu mako. Kuma abin da na ɗauka shi nake mayarwa, ko kwabo ba ya hawa. Wannan naki fa, wa za ki je ki gaisar? Wa zai dubi idonki ya ce ki bari sai kin samu? Ga kuma kuɗin ruwa, abin da na yi shekara saba'in ina gudu, ashe da hannun ɗiyata na ɗebo shi na raba wa gari, ana sa mini albarka.

Kwana biyun nan tunaninki kawai nake yi kina ƙarama. Kina 'yar shekara bakwai kike kawo mini fura rumfa. In na yanko miki 'yar tsoka na ce ki gasa ki ci, sai in hango ki a hanya kina rabawa, ki isa gida hannu wofi. Marigayiya mahaifiyarki takan ce, “Wannan yarinya taka ba ta da a'a a baki, wata rana sai an sayar da ita tana godiya.” Ina dariya lokacin. Ban san ni ne zan zama mai sayen ba.

Kuma kowa a garin nan ya san ban so ki yi karatun jinya ba. Na ce ɗiyar barunje ba ta da abin yi a asibiti. Mahaifiyarki ta sayar da awakinta huɗu da tasoshinta na aure ta kai ki. Ni ko kuɗin mota ban bayar ba, wata biyu ban amsa gaisuwarki ba. Karatun da ban sa sisi a ciki ba, shi na zauna ina ci har da gayyato mutane. Ba ki taɓa tuna mini ba. Da kin tuna mini ma da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ki ba, umarni ne na uba. Ki raba katin nan da wayarki. Daga yau ko ni na kira ki da kuka, kada ki turo sai abin da yake naki, wanda ya rage bayan kin ci kin biya. In babu, ki ce, Baba babu. Ki gwada faɗi tun yanzu, ki yi ta maimaitawa har bakinki ya saba. Ba zan mutu ba. Ina da gero a rumbu, ƙannenki maza biyu suna nan da ƙafafunsu, sun daɗe suna hutawa a inuwarki.

Masu lambar wayarki kuma, waɗanda na ba su da hannuna, ga shi suna karantawa. Ba su yi laifi ba, ni na nuna musu ƙofa. Ban ce kowa ya maido da komai ba, abin da anka ba su halal ne a gare su. Amma wanda ya sake kiranki, ki turo mini sunanshi.

Ni abin da nake nema wurinki yanzu ɗaya ne. Ki fita daga bashin nan, ki tara na jirgi, ki kawo mini yarinyar nan in ɗora ta a cinya tun ina gane fuska. Shekara uku ke nan. Ashe kuɗin zuwanki nake ta rabawa, ina kuma zaune ina cewa kin manta gida.

Allah ya yi miki albarka, Inna. Allah ya sauke miki wannan nauyi ta inda ba ki zata ba, ya tsarkake abin da kika ci da wanda kika bayar, ya rubuta miki ladan niyyarki, ya ɗora mini laifin abin da ya gurɓata. Allah ya ba ki 'ya'yan da za su ji ƙanki, ya kuma ba ki hankalin tambayarsu abin da ni ban tambaye ki ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Amin.

Gobe Talata, kasuwa. Ina idar da asuba zan kwance farin san nan da nake kiwo, in kai shi kara, wurin cinikin shanu, da kaina. Abin da ya kawo zan damƙa wa Saratu kafin ta koma, ki zuba a bakin bashin. Malam Isiya ya ajiye biro yana ce mini kuɗin sa ɗaya in an mai da shi kuɗinku ba zai kai ko'ina ba. Na ce ya ɗauki biro, ban tambaye shi ba. Daga kara kuma zan hau mota zuwa Garbadu. Watan jiya na miƙe a gaban dattawansu na ce kwanon rufin makarantarsu yana wuyana. Zan je in tsaya a daidai wurin da na tsaya, in ce musu na yi alkawari da abin da ba nawa ba, su yafe mini.

Wassalam.

Naki,
Baba